Kawu Mai Askin Alhamis

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. A kan wannan dai ba mu taɓa gardama da mutanen cocin su Kawu ba. Sauran abubuwan ne aka sha ja-in-ja.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Asabar da hantsi a ƙofar ɗakin da yake haya a Mabera, nan cikin Sakkwato. Ya jingine kekensa, ya ce wa maƙwabcinsa ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zauna a kan benci don ya huta. Hutun ke nan. Ni ina rumfata ta faci a Gawon Nama, hannuna cikin bahon ruwa ina laluben hujin taya, aka kira ni a waya.

Ni ba mai ilimi ba ne, firamare ma ban gama ba. Ranar da aka yi masa addu'a a coci, Fada ya tambaya ko akwai mai magana daga ɓangaren ƙanwar mamaci. Aka juyo ana kallona, ni kuma na tsaya kallon takalmina. Ban taɓa shiga coci ba sai ranar, bakina ya ƙi buɗuwa. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan da hannun da ya fi sabawa da guduma. Wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa, ni na gaji.

Washegarin rasuwar mutanen coci suka jera kujerun roba a ƙofar gida, suna tsammanin nasu ne za su cika wurin. Sun zo kam, sun yi waƙoƙinsu. Amma tun kafin azahar sai ga mata cikin hijabi, ɗaya bayan ɗaya, daga Mabera, daga Gawon Nama, har daga lungunan bayan Sama Road. Yawancinsu tsofaffi. Sai su tsaya a bakin ƙofa suna waige-waige, ba su san inda ake zama ba, ba su san abin da ake cewa ba. Wata ta fara, "Allah shi jiƙ…" sai ta haɗiye sauran, ta ce, "Allah shi ba da haƙuri." Ban ga laifinta ba. Ni ma a nan harshena ya tsaya.

'Yar Kawu guda ɗaya ce, taubashiyata, tana aikin jinya a Kaduna. Idonta ya kumbura da kuka, amma halin taubasantaka bai bar ta ba. Ta ja hannun rigata ta ce, "Taubashi, su wane ne waɗannan? Ko Baba aure ya yi ta yi a ɓoye ban sani ba?"

Na ce, "Matan kawunan da yake askewa ne."

Wata tsohuwa daga wajen Sama Road ta durƙusa gabanta, ta riƙe mata hannu biyu. Ta ce, "Ɗiyata, maigidana ya aiko ni. Ya daɗe bai taka ƙasa ba, da shi da kainai za shi zowa. Da anka hwaɗa mai, sai ya shahwa kainai haka, ya ce, to wa?"

Wani saurayi ma ya zo, ya ce kakansa ya ce a tambaya ko mamacin ya bar almajirin sana'a. Bai bari ba. Masu makokin Kawu na gaskiya ba su zo gaisuwa ba, don ba sa iya tashi. Suna kwance a ɗakuna, suna shafa kai.

Mutum ɗaya ne a cikinsu ba a gaya wa ba, shi ne mahaifina. Baba yana kwance a gidanmu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana sai ɗaiɗai. Duk duniya ba wanda yake yarda ya taɓa masa kai sai Kawu. Matata, wadda ke jinyarsa, ta rantse in aka gaya masa ciwon zai sake buge shi. Taubashiyata ma ta ce a bi a hankali. Muka rufe bakinmu. Amma Alhamis ba ta tambayar kowa kafin ta zo.

Bari in faɗi ko wane ne Kawu, ga wanda bai san shi ba.

Mutumin ƙasar Zuru ne, ɗan Katolika tun kakanni suka karɓa. Soja ya yi, a bariki ya koyi aski. Da ya ajiye kaki bai koma gida ba, ya zauna Sakkwato, don ƙanwarsa ɗaya tak tana nan. Ita ce Innarmu. Ta musulunta ta auri Baba, malamin zaure mai zafin rai. Kawu bai zo ɗaurin auren ba, Baba kuma bai manta ba. Shi yana ce masa Soja, shi kuma yana ce masa Malam, ban taɓa jin ɗayansu ya kira sunan ɗaya ba. Da Sallah Inna takan aike ni da tuwo da nama Mabera. Da Kirsimeti Kawu yakan aiko da kaza da ranta, ƙafafu a ɗaure, don Malam ya yanka da hannunsa. Baba ya yanka, ya ci, ya suɗe hannu, bai taɓa cewa a ce masa an gode ba.

Dogo ne, siriri, yana tafiya kamar har yanzu ana ba shi umarni. Kayansa ba su da yawa: keke, filas na ruwan zafi, da zabirar fata da ya saya hannun wani tsohon wanzami. A ciki akwai aska, da reza sabuwa don kowane kai, da sabulun salo, da alif na tsayar da jini. A bayan keken kuma yana ɗaure 'yar guntuwar tsintsiya. Ni nake yanko masa robar taya yana ɗaure ƙugunta.

Ba ya aske mai ƙafa. In kana iya tafiya, zai ce maka ga shagon yara can masu kilifa da janareta. Nasa su ne waɗanda suka kwanta: mai shanyewar jiki, mai karaya, tsohon da ya rikice, wanda ɗakinsa ya fara warin da 'ya'yansa ma ke tsayawa daga bakin ƙofa. Alhamis ta Musulmi ce, Asabar ta Kirista. Na taɓa ce masa, "Kawu, mutumin da ba ya zuwa masallaci, me zai yi da askin Juma'a?" Ya ce, "In shi bai zuwa wurin Juma'a, ai Juma'a na zowa wurinai. Kunya ta ta iske shi da suma kamar mahaukaci."

A cikin murfin zabirar akwai wani ɗan hoto da ya koɗe: baƙin mutum, da doguwar riga fara da baƙa, riƙe da tsintsiya. Waliyyinsu ne. Sunansa na Turawa ne, Kawu ya faɗa mini ya fi a ƙirga, harshena bai riƙe ba. Mu dai Mai Tsintsiya muke ce masa. In Kawu zai shiga gidan Musulmi, sai ya kifa hoton tun daga zaure, ya ce masu gida ba sa so, shi ma waliyyin ba mai cusa kai ba ne.

Labarinsa a gutsure na ji shi, duk lokacin da Kawu ya kawo keke faci ya zauna kan tsohuwar taya yana jira. Wai a wata ƙasa ce can bayan teku, tun zamanin bayi. Ubansa Bature ne mai sarauta, uwarsa baƙar mace da aka 'yanta. Yaro ya fito baƙi kamar uwarsa, uban ya ƙi amsa shi na tsawon lokaci. Aka kai shi koyon aiki wurin wanzami, irin wanda ke aski, ya yi ƙaho, ya ɗaure rauni. Da ya girma ya je gidan masu ibada, waɗanda suka bar aure da dukiya don bautar Allah, ya ce a karɓe shi. Dokar lokacin ba ta yarda baƙi ya zama cikakken ɗan gida ba. Ya ce to a ba shi shara. Aka ba shi. Ya share, ya aske kawunansu, ya yi jinyar marasa lafiyarsu, ya kwaso na kan titi ma, har ya kwantar da mai gyambo a kan gadonsa. Sai daga baya suka ji kunya suka ba shi rigar.

Na ce, "Kawu, mu a wurinmu waliyyi malami ne, mai karatu, ana tafiya ziyarar kabarinsa. Naku mai shara?"

Ya ce, "Shi ma ana zuwa nashi. Ran da ya mutu, manyan garin su sunka ɗauki gawa tai a kahwaɗa."

"To bauta masa kuke yi?"

"Kai, ɗan Inna, rufe bakinka. Allah ɗai aka bauta ma. Shi dai ya riga ni iya aikin ga, ina kallon hannunai. Wani bi in ce ya sa man baki wurin Ubangiji, kamar yadda za ka ce ma dattijon unguwa."

Na ce ni ban yarda da wannan ba. Ya ce ba wanda ya tambaye ni, in gama masa faci rana na yi.

Rigimarsu da Baba a kan gashi ta tashi, kuma sai ɗan ƙasar nan zai gane ta. A wurinmu gashin kai ba shara ba ne. Tsofaffi sukan tona rami su binne, ko su cusa a tsagar bango, kada maƙiyi ya samu ya yi sammu da shi. Kawu ya san haka, a garinsu ma akwai, amma bariki ta wanke masa wannan tsoron. Can ana aske kawunan rundunar mutane a share a zuba a bola. To da ya fara zagayensa, in ya gama aski sai ya share gashin tas, ya ƙunshe a takarda, ya jefa a zabira, don kada ya bar wa matar gida aiki. In ya fita ya zubar.

Sai wani tsoho maƙwabcinmu da ya aske ya rasu bayan 'yan kwanaki. Tsohon nan dama ƙafarsa ɗaya na kabari. Amma wani ya ce ya ga Kiristan nan yana sa gashin a jaka. Magana ta zaga unguwa, ta dawo zauren Baba: surukinka ne, kai za ka tambaye shi.

Baba bai kira shi gefe ba. A tsakiyar layi ya tare shi, mutane na fitowa daga sallar la'asar. Ina wurin.

"Soja, tsaya. Ina kaka kai gashin Musulmi?"

Kawu ya sauko daga keke. "Bola, Malam. Ina aka kai shara?"

"Bola, ko coci?"

Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Ya kwance zabira, ya juye ta a ƙasa gaban kowa. Aska, reza, sabulu, alif, ƙunshin gashin wani, duk suka zube. Hoton ma ya faɗo, fuska sama. Wani ya ce, "Kun gani ko, ga gunkin nan." Kawu ya durƙusa ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya, na miƙa masa alif ɗin da ya gangaro wurin ƙafata. Ya goge hoton da bakin rigarsa, ya hau keke ya tafi.

Gidaje da yawa suka rufe masa ƙofa. Bai daina zagaye ba, inda aka buɗe ya shiga. A hankali suma ta yi wa masu ciwo yawa, ba wanda ya zo, ƙofofin suka sake buɗuwa da kansu. Amma daga ranar ya canja abu ɗaya. In ya gama, ya share, ya ƙunshe, sai ya buɗe tafin hannun mai kan, ya sa masa ƙunshin, ya rufe masa yatsu. Ya ce, "Ga kayanka. Ban tafi da ko sili ba." Kowane kai, kowace Alhamis, har ya mutu. Yara a Mabera har suna kwaikwayonsa. Su wasa suka ɗauka. Ni na san daga inda maganar ta fito.

Gidanmu kuwa bai sake takawa ba sai ranar da Inna ta rasu. Da aka tsaya sallar gawa, ya koma can bayan sahu, nesa, hularsa a hannu. Ya bi mu har maƙabarta, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ƙanwarsa ce, shi ya goya ta, amma ko ƙasa bai zuba ba, kada wani ya ce wani abu. Kwanakin zaman makoki kuma, kullum da sassafe kafin a shimfiɗa tabarmi, sai mu tarar an share ƙofar gida fes. Na fito wata safiya na gan shi, tsohon soja, a sunkuye da tsintsiyarsa. Wani mai wucewa ya ce, "Baba, ai wannan aikin mata na." Ya ce, "Matar gidan ta tafi." Baba yana zaure yana jin ƙarar tsintsiyar. Bai fito ba.

Bayan wasu shekaru ciwo ya buge Baba. Aka dawo da shi daga asibiti rabin mutum. Mai wa'azi da faɗa ya koma sai kalma ɗaya, biyu, su ma da ƙyar. Sumarsa ta taru, gemu ya cukurkuɗe. Na kira yaro mai kilifa, da Baba ya ji ƙugin abin a kunnensa sai ya kaɗe shi da hannun hagu har ya faɗi ƙasa. Na gwada almakashi, kan ya koma kamar gonar da awaki suka shiga. Ya daina yarda a shigo gaishe shi. Ɗalibansa su zo, ya sa a ce yana barci.

Ban aika wa Kawu ba, ban isa ba. Wata Alhamis da hantsi sai na ji sallama a zaure. Ya kifa hotonsa, ya shigo har ɗaki, ya ajiye filas. Da Baba ya gan shi sai ya juya fuska bango.

Kawu ya ce, "Madalla, Malam. Dama daga ƙeya nika farawa."

Ya jiƙa tsumma da ruwan zafi, ya ɗora masa a kai, ya bar shi ya yi laushi. Na tsaya a ƙofa ina jiran a kaɗe hannunsa. Ba a kaɗe ba. Ya tallafi kan da tafinsa kamar na jariri, aska na tafiya ba ƙara. Ya gyara gemun yadda malamai ke so, bai rage tsawonsa ba. Da ya gama ya share tabarma, ya ƙunshe, ya buɗe hannun hagun Baba.

"Ga kayanka, Malam. Ban tafi da ko sili ba."

Baba ya runtse ido. Da yamma ya ce a bar ɗalibai su shigo.

Daga nan kowace Alhamis. Tun safe Baba zai sa matata ta jingine shi da matashi yana fuskantar ƙofa. In Kawu ya makara, da ya shigo zai ji, "Soja. Latti." Shi kuma ya ce, "Ina za ka, Malam? Jirgi za ka hawa?" Yana aski yana ba shi labarin Mai Tsintsiya, ya san Baba ba shi da bakin musu, ga kuma aska a wuya. Ranar da ya ba shi labarin yadda waliyyin ya sa kare da kyanwa da ɓera suka ci abinci a kwano ɗaya ba faɗa, Baba ya yi ta motsa baki, muka matsa mu ji. Da ƙyar ya fitar da ita: "Yunwa."

Kawu ya yi dariya har sai da ya ajiye aska. Ya ce, "To ni da kai fa, Malam? Wace yunwa ta haɗa mu?" Ɓarin bakin Baba mai rai ya motsa.

Kada a ce na mai da Kawu waliyyi. Ba shi ba ne. Yana da riƙo, kuma na gani da idona. Wata Alhamis da ya sa wa Baba ƙunshin a hannu, Baba bai rufe yatsu ba. Ya tura hannun gaba, ya ce, "Tafi… da shi."

Duk wanda ya san abin da ya faru a layin nan ya san abin da Baba ke cewa. Malamin da bai taɓa ba wa kowa haƙuri ba a rayuwarsa, iyakar abin da ya iya ke nan. Gashin kansa ne yake miƙa wa mutumin da ya tuhuma.

Kawu ya dubi hannun. Ya kama yatsun ya rufe su da kansa. Ya ce, "A'a, Malam. Kayan Musulmi na. Ni ban ɗauka."

Da murmushi ya faɗa, amma ba wasa ba ne. Haka suka ci gaba. Kowace Alhamis Baba ya tura, Kawu ya mayar. Ɗaya bai iya cewa yafe mini ba, ɗaya bai iya cewa na yafe ba, ga kan ɗaya a tafin ɗaya. Na raka shi zaure wata rana na ce, "Kawu, don Allah ka karɓa mana. Tsohon nan ba shi da wata hanyar."

Ya daɗe yana ɗaure tsintsiya a bayan keke. Ya ce, "Na sani, ɗan Inna. Mai Tsintsiya da tun ran farko ya amsa. Shi an zage shi da abin da ya fi wanga, ya yi dariya. Ni ban kai shi ba. Duk na miƙa hannu sai in ga kayana zube a ƙasa." Ya buɗe murfin zabira, ya juyo da hoton. "Bari dai. Wata Alhamis."

Abin da ke cina ke nan. Ba mutuwar ba, kowa zai mutu. Wata Alhamis ɗin nan ce.

An kai shi ƙasar Zuru aka binne kusa da matarsa. Na bi motar. Da za mu rabu, taubashiyata ta fito da zabirar da tsintsiyar. Ta zare hoton ta sa a jakarta, ta ce, "Wannan nawa ne, na san ba za ka shiga da shi gida ba. Sauran naka."

Na ce, "Ni mai faci ne."

Ta ce, "To? Kai ma ai zagayayye ne kamar taya. Karɓi, kada ka sa ni wani kukan."

Na kawo su na ɓoye a rumfa, bayan tsofaffin tayoyi.

Alhamis ta zo. Baba ya sa aka jingine shi tun safe. Rana ta take, ya ce, "Soja?" Matata ta ce ya yi tafiya. Wata Alhamis ta zo ta wuce, ya wuni yana kallon ƙofa, ya ƙi cin tuwo. Furfura ta tsiro masa tsaye-tsaye, ya fara cewa a sallami ɗalibai. Matata na tsoron labarin zai kashe shi. Ni kuma ina ganin jiran yana cinsa a gabana, kaɗan-kaɗan. Muka yi ta musu a tsakar gida da murya ƙasa-ƙasa. A ƙarshe na ce mata ubana ne, in wani abu ya faru a wuyana.

Na gwada askar a ƙaurina a rumfa, na yanke kaina, na sa alif, na sake. Ranar Alhamis da hantsi ban buɗe rumfa ba. Na cika filas, na rataya zabira, na riƙe tsintsiya, na yi sallama a ƙofar ɗakin Baba.

Ya dubi bayana tukuna, yana jiran dogon mutum ya sunkuyo ya shigo. Ba kowa. Sai ya dubi zabirar. Sai tsintsiyar, da robar da na ɗaure mata da hannuna. Ya daɗe a kanta.

"Yaushe?"

Na ce, "Ya kwana biyu, Baba. Wata Asabar. Bai sha wuya ba. An kai shi gida."

Leɓɓansa suka motsa, na gane salati yake. Matata na bayan labule, ina jin numfashinta. Na tsaya da filas a hannu ina jiran abin da muke tsoro. Bai zo ba. Baba ya yunƙura da hannun hagu, ya juya fuska bango. Ya ba ni ƙeya.

Daga nan na fara. Na yanke shi a bayan kunne, bai motsa ba. Da na zagayo gaba na ga ruwa na gangarowa yana shiga kumfar sabulu. Ban goge ba, na yi kamar ban gani ba, shi ma ya yi kamar ba nasa ba ne. Askin bai yi kyau ba. Kawu da ya gani da ya ce in koma wa tayata.

Na share tabarma. Na ƙunshe gashin a takarda, fari fat, ba nauyi. Na buɗe hannunsa na sa masa. Ban yi niyya ba, bakina ne ya faɗa: "Ga kayanka, Baba."

Bai rufe yatsu ba. Ya turo hannun.

"Kai mai."

Na ce, "Baba, ya rasu fa."

"Na jiya." Ya sake turowa. "Kai mai."

Na karɓa.

Tsohuwar nan ta Sama Road ta aiko jikanta har rumfa, wai an ce zabira na hannuna. Na ce a gaya mata hannuna bai faɗa ba tukuna, yanka nake yi. Ta sake aikowa, wai kan mijinta ba na zaɓe ba ne, in zo da alif da yawa. Ban ce zan je ba, ban ce ba zan je ba. Ni ba Kawu ba ne, balle wanda Kawu ke kallon hannunsa.

Addu'ar da ake yi wa mamaci kuwa, har yau a inda harshen matar nan mai "Allah shi jiƙ…" ya tsaya nawa yake tsayawa. Abin da na iya cewa shi ne, Allahn da Ya halicci Kawu Ya fi ni saninsa, Ya kuma ga ɗakunan da ya shiga. Allah Ya ba taubashiyata haƙuri, Ya ba masu kwance wanda zai tallafi kansu.

Ƙunshin yana cikin zabira, a murfin da hoton yake a da. Ban tambayi wani malami hukuncinsa ba, kuma ba zan tambaya ba. Zan shiga motar Zuru, in tona ɗan rami a gefen kabarin, wajen kai, in sa masa. Shi ya ce wata Alhamis. To ranar Alhamis zan je, bayan na aske Baba. Wannan karon ba shi da hannun da zai mayar.